Kadangare Na-Gobe da Ɗanyen Bango

An yi wani Kadangare, jan gwada, da yake zaune a wani tsohon kango a bayan gari. Masu gidan sun daɗe da tashi, suka bar wa ƙananan dabbobi, kowa ya kama lungunsa. Shi Kadangare saman katanga ya samu, inda hantsi ke fara sauka.

Kadangaren nan burinsa ɗaya ne a duniya, ya zama mai zanen bango. Tun yana ɗan ƙarami ya taɓa bin katanga har cikin gari, ya tarar da magina suna yi wa wani zaure ado. Ya maƙale a jikin azara yana kallon yadda suke jan ɗanyen yaɓe da yatsa, layi ya taso ya lanƙwasa, ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɓullo ta can. Ya shagala har ƙuda ya sauka masa a hanci bai kama ba. Tun daga ranar abin ya shiga ransa.

Sai dai fa daga shiga rai abin bai ƙara gaba ba. Ya girma, kansa ya yi jawur, amma ko a kan rairayi bai taɓa jan layi ba. Zanen duk yana cikin kansa, sauran kuma a bakinsa.

A gindin katangar akwai ɗakin wata tsohuwar Bushiya, wadda bakinta ya fi ƙayar bayanta tsini. Kullum da hantsi in ta fito shara, sai Kadangare ya leƙo daga sama.

"Iya, kin ga bangon can na gabas? Ranar da na kama shi, tsuntsaye ma sai sun fasa tafiya sun tsaya kallo. Ganye zan jera ta nan, igiya ta zagayo ta can, a tsakiya kuwa abin da zan sa ba a taɓa ganin irinsa ba."

Bushiya ta ce, "Allah ya nuna mana. Yaushe za a fara?"

"Gobe, in Allah ya kai mu."

"Jiya ma haka ka ce."

"Ai jiya rana ta yi zafi."

"Shekaranjiya fa?"

"An yi lumshi. Ba a zane cikin lumshi, Iya, ba ki san harkar ba ne."

Sai ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, kamar wani ne ya faɗi maganar shi kuma yake gaskata shi.

Akwai lokacin da shirwa ta kawo masa sura ta gutsire masa wutsiya. Maƙwabta suka zo jaje, suka tarar da shi cikin walwala, don ya samu hujjar da za ta kai shi wata da watanni. Da wutsiyar ta tsiro, Bushiya ta ce, "To, ga wutsiya ta dawo." Ya ce, "Sabuwa ce, Iya, ba ta saba da aiki ba tukuna."

A nan ne ta raɗa masa suna Na-Gobe, sunan kuwa ya bi shi.

Gaskiyar maganar, ba ƙiwuya ce kaɗai ke damun Kadangare ba, tsoro ne. Zanen da ke cikin kansa ba shi da makusa ko kaɗan. Yana gudun kada ya sauke shi a bango ya fito a karkace, a yi masa dariya, ya rasa zanen ya kuma rasa mafarkin. Wannan kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

To, a kan wata bishiyar lalle da ke tsakar kangon akwai Hawainiya. Ita kuma girman kai ne ya yi mata katutu. Ba ta amsa sallama sai an ce mata Gwana, don a faɗarta duk wani launi na duniya daga jikinta aka aro shi.

Wata rana Kadangare ya je ya durƙusa a gindin lallen, ya gaya mata burinsa. Ta juyo da ido ɗaya ta dube shi, ɗayan idon yana can yana bin wata fara.

Ta ce, "Kai? Zane? Ka san bambancin koren damina da koren rafi?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Ka san ja iri nawa ne?"

"Na san dai na kaina."

"Ka ji ba. Ai da ka taɓa bango a haka, da ka ja wa zuriyarku abin kunya. Allah ya taimake ka ka zo wurina. Zan koya maka, amma ka sani ilimi ba ya shiga sai malami ya ƙoshi."

Kadangare ya ji wani sanyi a ransa. Yanzu in an tambaye shi yaushe za a fara, yana da amsa mai daraja: karatu yake yi.

Karatun kuwa ga yadda yake. Da safe ya kamo fara da ƙudaje ya kai wa Gwana. Ta lashe, ta gyara zama, ta rikiɗe ta zama kore, ta ce, "Ka gani?" Ya gyaɗa kai. Ta koma rawaya, ta ce, "Ka fahimta?" Ya gyaɗa kai. Sai ta ce, "Ya isa na yau, kada kanka ya ɗauki zafi."

In ya yi ƙarfin hali ya ce, "Gwana, yaushe zan ɗan gwada a ƙasa?" sai ta kumbura ta yi baƙi ƙirin.

"Gwadawa? Tun yanzu? Da saura, yaro, da saura ƙwarai."

Shi kuma ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe," ya koma gida da farin ciki.

Bushiya ta tare shi wata rana, ta dube shi sama da ƙasa.

"Na-Gobe, wannan wane irin karatu ne? Ɗalibi yana ramewa, malama tana ƙiba. Reshen lallen nan har ya fara rusunawa."

"Iya, ba ki san harkar ba ne."

"Ban sani ba kam. Amma na san ko tuwo ba a koyonsa da kallon tukunya."

Ana nan, damina ta kankama. 'Yar Bushiya ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, aka shiga shirin suna. Ana cikin haka aka tafka wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon gaban ɗakin Bushiya ya jiƙe ya zube. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma ga suna ya matso, ga surukai za su zo daga nesa.

Bushiya ta garzaya suri ta roƙi Gara, su ne magina a wajen. Suka zo da yawansu suka tayar da bango, ranar jajiberin suna da sassafe suka yi masa yaɓe sumul, suka kwashe kayansu. Babbansu ya ce, "In da mai yin ado, ya yi yanzu. Tun ran gini tun ran zane. Rana na karkatawa zai bushe, ko ƙaho aka sa ba zai shiga ba."

Bushiya ta fito tsakar kango ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku zo ku sha kallo! Yau ɗana Kadangare zai yi mini zanen da ya daɗe yana ba mu labari. Ga ɗanyen bango, ba zafin rana, ba lumshi, wutsiya kuma ta saba da aiki. Ga akushin soyayyar fara na ajiye wa mai zane."

Kadangare yana saman katanga ya lafe. Ɓeraye suka fito, tsaka ta leƙo, kwaɗi suka jeru a bakin kwatami. Kadangare ya sauko da kyar, ya matso kusa da Bushiya, ya yi ƙasa da murya.

"Iya, ba za a bari sai gobe ba?"

"Gobe suna."

"To bari in je in yi sallama da malamata."

Ya ruga gindin lalle. Ashe Hawainiya ta ji komai, musamman zancen akushi. Ta sauko tana huci, jikinta ya yi ja.

"Ina raye a kangon nan za a ba ɗalibina aiki? Ɗalibin da bai gama kore ba? Wuce mu je!"

Suka iso gaban Bushiya. Hawainiya ta ce, "Ke tsohuwa, in ado kike so na gaske, ga mai shi a gabanki. Wannan yaron in ya taɓa bangon nan sai surukanki sun koma da dariya."

Bushiya ba ta ko kalle ta ba. Kadangare ta zuba wa ido.

"Kai na kira. Ka yarda a ba ta?"

Kadangare ya dubi bangon, ya dubi taron 'yan kallo, ya dubi ƙasa. Sai kansa ya yi abin da ya saba, ya gyaɗa.

Bushiya ta ce, "Shi ke nan. Gwana, ga bango."

Hawainiya ta ce, "A fara kawo akushin. Ba a zane da yunwa."

Kadangare ya haye katangarsa, yana zaton zai ji sauƙi. Ai kuwa ya kuɓuta, ba mai yi masa dariya yau. Amma sauƙin ya ƙi zuwa. Ya kwanta, ya tashi, ya juya wa bangon baya, ya sake juyowa. Yaɓen nan yana sheƙi, lumui, ba ko tabo, irin wanda ya yi shekara da shekaru yana gani in ya rufe ido. Ga shi yau a gabansa, shi da kansa ya miƙa wa wata.

Ita kuwa Hawainiya tana gaban akushi, tana ɗaukar fara ɗaya bayan ɗaya, tana lumshe ido. Hantsi ya ɗaga. Gefen bangon na sama ya fara yin fari.

Kadangare ya kasa daurewa. "Gwana, bangon fa ya fara shan iska."

"Yi mini shiru, tunani nake yi."

"Da baki ake tunanin?" in ji Bushiya.

Sai da rana ta take tsaka, akushi ya koma fayau, sannan Hawainiya ta miƙe, cikinta ya yi tulu. Ta tako gaban bango ta yi gyaran murya.

"Ku buɗe ido ku ga yadda gwanaye ke yi. Masu ƙaramin sani su ne ke wahalar jan layi. Ni launi a jikina yake. In na manna wa bango, ɗauka zai yi."

Ta kama hawa, tana nishi, har ta kai tsakiya. Ta rikiɗe ta zama kore shar, ta manna cikinta, ta ɗago ta duba. Bango yana nan launin ƙasa. Ta koma rawaya ta ƙara dannawa. Ba labari. Ta fusata, ta tattara ƙarfinta duka da nauyin farar da ta ci, ta danna.

Sai ji aka yi luɓus! Tumbin ya nutse cikin yaɓe, ƙafafu huɗu suka bi shi, wutsiya ta manne. Don tsoro kuma jikinta ya saki kore da rawaya, ya koma launin laka sak.

Bushiya ta ƙanƙance ido. "Af, ina Gwanar ta shiga?"

"Ga ni nan!"

"La ila! Jama'a, bangona yana magana!"

"Ni ce! Ku cire ni!"

"Muryar dai ta Gwana ce, amma ni laka nake gani. Ko zanen ke nan?"

Kwaɗi suka fashe da dariya har suna faɗawa ruwa. Hawainiya ta harba dogon harshenta ta kamo reshen lalle don ta ja kanta, reshen ya lanƙwaso, ita ko motsi. Ga harshe a waje, ga magana tana son yi, sai wani gwalan-gwalan ke fita.

Duk wurin ba mai iya hawa ɗanyen bango sai Kadangare. Ya sauko a guje, ya haye, ya kama wutsiyar malamarsa da baki, ya ja, ya sake ja. Ta ɓalle fat, ta wuntsila ta faɗa cikin ragowar taɓon da Gara suka bari.

Aka sake kwashewa da dariya. Amma da aka ɗaga ido aka dubi bangon, sai dariyar ta mutu. A tsakiyarsa ga wani rami zururu, shatin tumbi, ga ramukan ƙafafu huɗu, ga shatin wutsiya a nannaɗe.

Bushiya ta tsaya tana kallo. Wannan karon ba ta yi zolaya ba. Ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Haihuwar fari ce. Na so yarinyar nan ta fita kunyar dangin mijinta."

Kadangare bai taɓa jin muryar Iya ta yi laushi haka ba. Yana nan maƙale a bangon, ƙafafunsa cikin yaɓe, yana jin sanyin lakar har cikin ƙirjinsa. Ya dubi bakin ramin da ya yi kaca-kaca. Ya ce a ransa, bari dai in ɗan shafe wannan gefen, ba zane ba ne, gyara ne kawai.

Ya miƙa farce ya shafa. Lakar ta bi hannunsa, taushi kamar man shanu. Kafin ya ankara ya ja layi daga bakin ramin ya yi sama da shi, ya lanƙwaso, ya dawo.

Ya tsaya ya duba. Layin ya karkace. Abin da ya daɗe yana gudu ga shi ya faru, kuma a gaban jama'a. Saura kaɗan ya diro ya shige rami.

Bushiya ta ɗago kai ta ga abin da ya yi, ta kuma ga yana shirin gudu. Nan take bakinta ya dawo.

"Na-Gobe, wannan tsutsa ce ko igiyar guga?"

Kadangare ya juyo a fusace. "Ganye ne!"

"Wanda akuya ta tauna ta tofar?"

"Iya, ganye ne, ban gama ba ne!"

"To ni dai tsutsa nake gani."

"Tsaya ki gani!"

Ya ja wani layin a ɗaya gefen, suka haɗu a sama suka yi tsini. Ya tsaga tsakiya, ya fitar da jijiyoyi. Wani ɓera ya ce, "Kai, ganye ne fa!"

Bushiya ta taɓe baki. "Ganye ɗaya ai ba ya miya."

Ya yi na biyu, ya fi na farko. Na uku ya zame masa, ya shafe ya sake. Ya gano farce na yin siririn layi, wutsiya kuma in ya ja ta a kwance tana yin mai faɗi. Wannan ba wanda ya taɓa gaya masa, lakar ce ta nuna masa. Ya kewaye ramin tumbin da ganyaye, ramukan ƙafafu ya mai da su 'ya'yan itace, shatin wutsiya ya ja shi ya zama igiyar da ta zagaye su.

Hawainiya ta fito daga taɓo tana ɗiga, ta ce, "Ba haka ake yi ba. Ban koya maka wannan ba."

Bushiya ta ce, "Wannan kam gaskiya kika faɗa."

Shi Kadangare bai ma ji su ba. Ya daina jin dariya, ya daina jin yabo, ya manta da akwai 'yan kallo. Daga shi sai laka. Yana hawa yana sauka, jan kansa ya koma ruwan ƙasa, numfashinsa na fita da sauri. Bai taɓa gajiya irin ta yau ba, bai kuma taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Ya gama tsakiya, ya gama dama, ya tsallaka hagu. Ya sa farce, sai ya ji ƙarar ƙeƙas. Ya danna, farcen ya kankare banza. Ya matsa ƙasa, nan ma haka. Rana ta karkata, yaɓe ya bushe.

Ya yi ta kai farce nan da can kamar mai neman ƙofa, har ya haƙura. Ya sauko jiki a sanyaye, ya ce, "Kaico! Da tun da safe na fara, da na gama."

Bushiya ta ce, "Da tun bara ka fara, da yanzu kangon nan kaf ya zama gidan kallo."

Ya ja da baya ya ƙare wa aikin kallo. Ganyen farko yana nan a karkace. Igiyar ta yi kauri a wani wuri, ta sirance a wani. Hagu kuwa fili ne fetal. Idonsa ya ciko.

"Bai yi ba, Iya. Wanda ke cikin kaina ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba."

"Wataƙila. Amma na cikin kan naka shekara nawa ina jira ban taɓa ganinsa ba. Wannan kuwa ga shi, har ina iya jingina da shi." Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan abin da ya rage a ƙasan kasko. "Ungo, ƙafafun fara ne, malamarka ta cinye masu tsoka."

Washegari aka yi suna. Surukai suka iso, a gabansu wani dattijon bushiya mai furfura a ƙaya. Tun kafin a shimfiɗa masa tabarma ya tsaya a gaban bangon, ya daɗe yana kallo. Kadangare yana laɓe a bayan randa.

Dattijon ya ce, "Wane ne ya yi wannan?"

Kafin kowa ya buɗe baki sai ga Hawainiya, ta yi wanka ta sha kore mai ɗigon rawaya. Ta ce, "Ɗalibina ne, amma ni na aza harsashin. Abin da ke tsakiyar nan aikina ne, da kaina na yi shi."

Dattijon ya ce, "Madalla. Shi nake ta kallo. Rana ce ko ƙwarya?"

Bushiya ta ce, "Tumbi ne, Baba. Akushi guda na fara ke cikinsa lokacin da aka buga shi."

Ta kwashe labari ta faɗa, ba ta rage ko harshen da ya maƙale a reshe ba. Surukai suka yi ta dariya har suna dunƙulewa. Yara suka riƙa zuwa suna gwada cikinsu da ramin, suna cewa nasu bai kai ba. Hawainiya ta yi ja, ta yi baƙi, ta yi wani launi da ita kanta ba ta san sunansa ba, ta sulale. Kafin a raba goro ta tattara ta koma wata bishiya can bayan kango, inda ba a san ta da Gwana ba.

Dattijon ya sa aka kirawo Kadangare. Ya fito yana sunkuyar da kai.

"Kai ne mai zanen?"

Ba a taɓa kiransa haka ba. Da kyar ya ce, "Ni ne, Baba."

"Ganyen nan na farko ya sha wuya."

"Shi na fara yi a duniya."

"Ya nuna. Amma na can gefe kamar iska za ta kaɗa shi. Nan hagu fa, me ya sa aka bar shi?"

"Rana ce ta riga ni."

"To, mu ma za mu tayar da ɗaki bayan kaka. In ka zo, ka riga ta."

Mai jego kuwa ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin bangon, duk wanda ya zo barka sai ta nuna masa da kanta.

Kaka tana da nisa tukuna, Kadangare kuma hannunsa ya riga ya ɗanɗana laka. Ya zana bakin kwatami, kwaɗi suka tattake. Ya zana gefen suri, Gara suka kore shi. Ya koma bin maƙwabta ɗaki-ɗaki yana ƙwanƙwasa musu bango, yana cewa, "Wannan naku kamar ya tsage fa. Ba za ku sake yaɓe ba?"

Wata rana hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, kowa yana ta tattara kaya yana addu'ar Allah ya sa a yi shi da sauƙi. Bushiya ta ɗaga kai ta hango Kadangare yana kallon hadarin, yana kallon bangon ɗakin ɓeraye, bakinsa har kunne.

Ta ɗauki tsintsiya ta nuna shi da ita. "Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Duk kangon nan kai kaɗai ne ke murna in bangon mutane zai faɗi."

Kadangare ya ce, "Ni ban roƙa ba, Iya. Amma in ya faɗi, a gaya musu ina kusa."

Darasin wannan labari shi ne, abin da kake mafarkin yi ba zai taɓa fitowa ba sai ka sa hannu, kuma na farko ba lallai ya yi kyau ba. Kada ka jira sai ka gama shiri ko sai tsoro ya tafi, don tsoron ba ya tafiya sai an fara. Karkataccen ganye a bango ya fi kyakkyawan daji a cikin kai. Ka riƙe masoyin da ke zolayarka don ka tashi, ka yi hankali da gwanin baki mai cewa da saura alhali shi bai taɓa yi ba. Mai girman kai da haɗama kuwa, ranar da aka ce ya nuna, tumbinsa kawai zai bari a bango.